Babi na Shida: Ƙugiya a Kan Harafi, Rumbu a Cikin Hoto

A ƙarshen watan Maris na 2025, sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An tafka muhawara a kan hikimar matakin da kuma makomar sauran harsunan ƙasar, kuma muhawara ce da ta cancanci a yi ta. Sai dai akwai wani gefen zancen da ba kasafai ake taɓo shi ba. Harshe ba ya hawa takarda da kansa. Duk littafin koyon karatu, duk sanarwar asibiti, duk allon da aka kafa a ƙofar ma'aikata, sai wani ya zauna ya zaɓi siffar haruffansa, ya auna tazarar da ke tsakanin layuka, ya yanke shawarar hoton da zai zauna a gefen rubutun. Mafi yawan waɗanda za su yi wannan aiki nan da shekaru goma, a yau ɗalibai ne, wasu a jami'a, wasu a cibiyoyin koyon sana'a, wasu kuma almajiran masu maɗaba'a ne a Yamai da Maraɗi da Sakkwato da Kano. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa guda ɗaya ne: aikin ɗalibin zayyana yana farawa daga idon mutumin da zai karanta abin, kuma ɗalibin da ya fara daga kwamfuta ya fara daga tsakiyar hanya, komai kyan abin da zai fitar.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauka an ba ɗalibi aiki takamaimai: ya tsara ɗan littafin koyon karatu, mai rubutu da hotuna, domin ƴan aji ɗaya a Dumega. Dumega ƙaramar hukuma ce a gundumar Tibiri ta jihar Doso, a ƙasar Arewa, ƙasar Arawa, kudu da Dogon Dutse, cikin yankin kwarin da ake kira Dallol Mauri, kuma iyakar jihar Kabi ta Nijeriya ba ta da nisa da ita. Wannan ɗan bayani kaɗai ya isa ya sauya aikin. Yaron da zai riƙe littafin yana jin Hausar Arewa, wadda ke cewa tahi inda Bakano zai ce tafi, ke cewa ɗiya inda zai ce ƴa. Akwai kyakkyawan zaton cewa kafin ya shiga lakwal ya riga ya riƙe allo, idonsa ya saba da rubutun da ke tashi daga dama zuwa hagu. Takardun Hausar da ke faɗowa hannun iyayensa wasu daga Yamai suke zuwa, wasu kuma ƴan kasuwa ne ke tsallako da su daga Birnin Kabi da Sakkwato. Littafin kuma da wuya a buga shi a takarda mai sheƙi da launuka huɗu. Sau da yawa baƙar tawada ce a kan farar takarda, wani lokacin ma kwafin kwafi ne daga injin hoto. Ɗalibin da bai san waɗannan abubuwa ba kafin ya ja layin farko, yana ɗinka riga ne ba tare da ya ga mai ita ba.

Gwajinsa na farko ƙanƙane ne ƙwarai, bai fi kan tsinke ba: ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Da ita ake raba kafa da ƙafa, kura da ƙura, fada da faɗa, bata da ɓata, baki da baƙi. Ba a same ta a kwance ba. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, babu waɗannan haruffa a akwatin kowane mai ɗab'i, don haka aka daɗe ana dabara da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko ɗan waƙafi a gefensa. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama, bisa tsarin da masana harsunan Afirka irin su Diedrich Westermann suka yi ta tallatawa, a daidai zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. A wannan zamani ne Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa yana editanta na Hausa. Abin lura ga ɗalibi shi ne, a lokacin kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da ake zubawa a jera da hannu ko da inji. Kafin ƙ ta bayyana a shafi, sai da wani ya zana ta, wani ya zuba ta, wani ya biya kuɗin. Mutanen da suka yi wannan wahala sun yi ta ne saboda sun ga cewa mai karatu yana tuntuɓe idan babu ita.

A ɓangaren Nijar, tarihin ya bi ta tarurruka. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita haruffan wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na cikinsu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1980 aka sake zama a Yamai domin kusanto da rubutun Hausar Nijar da ta Nijeriya, sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idojin rubutun. Duk da haka, wani bambanci ya saura wanda kowane mai tsara shafi zai ci karo da shi: Nijar tana rubuta ƴaƴa da harafi mai ƙugiya, alhali littattafan Nijeriya sun fi rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafin sama. Ga yaron Dumega, wanda takardu ke zuwar masa daga ɓangarorin biyu, wannan ba zancen masana ba ne kurum. Siffa biyu ce zai gani ga kalma ɗaya, kalmar da shi a bakinsa ma ɗiya ce. Ɗalibin da aka ba aikin dole ya bi ƙa'idar ƙasar da za a karanta littafin, ya tsaya a kanta daga bango zuwa bango. Idan kuma aikinsa na Nijeriya ne, akwai tarko na daban: manhajojin rubutu sukan ɗauki waƙafin farkon 'ya a matsayin buɗe zancen wani, su juya masa fuska. A Hausa kuwa wannan alama harafi ce mai cikakken matsayi, kamar yadda take a jama'a da sana'a, kuma mai tsara shafi ne kaɗai zai kama kuskuren idan idonsa a buɗe yake.

Daga nan sai injin. Dukan haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, suna da gurbinsu a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa. Amma samun lamba daban, samun siffa daban. Dubban salon haruffan da ɗalibi zai gani a kwamfuta an zana su ne domin harsunan Turai, da yawansu ba su da ƙ ko ɗ. Idan aka rubuta ƙasa da irin wannan salo, sai injin ya aro harafin farko daga wani salon, kalmar ta fito da kai siriri da gangar jiki kakkaura, kamar an ɗaura wa raƙumi kan akuya. Wani lokacin ma akwati ne babu komai a ciki zai zauna a gurbin. Madannan Faransanci da suka cika ofisoshin Nijar ba su da waɗannan haruffa, haka ma na Ingilishi a Nijeriya. Saboda haka matakin farko na ɗalibi mai hankali, kafin ya kamu da son wani salo, shi ne ya rubuta jimla guda da ta ƙunshi dukan haruffa masu ƙugiya, manya da ƙanana, ya gwada ta da kauri da kuma a kishingiɗe, ya buga ta a ƙaramin girma a kan takardar da za a yi aikin da ita, ya duba. Salon da ya faɗi wannan jarrabawa ya fita daga lissafi. Akwai waɗanda suka share hanya. Shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya yi aiki a kan haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya a tsakiyar shekarun 1980. Ƙungiyar SIL ta fitar da salon Andika musamman domin sababbin masu koyon karatu, yana ɗauke da haruffan Hausa duka, kuma kyauta ake samunsa. Ɗalibin da ya kai ga zana nasa kuwa zai gane cewa ƙugiya aikin awo ce. In ta yi ƙanƙanta, tawada ta cike ta, ƙ ta koma k bayan kwafi biyu. In ta yi girma, ta gogi harafin da ke maƙwabtaka da ita. Ta babban Ɗ da Ɓ tana leƙowa ta hagu, tana ɓata daidaiton gefen shafi idan ba a lura ba. Ta babban Ƴ kuwa, wasu masu zane sun sa ta a hagu, wasu a dama, kuma dole ya san wadda masu karatunsa suka saba gani.

A nan mai ja zai ce: ai miliyoyin Hausawa suna rubuta wa juna saƙo a waya kullum ba tare da ƙugiya ko ɗaya ba, kuma suna fahimtar juna sarai, me ya sa za a ɗora wa ɗalibi wannan nauyi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ƙwararren mai karatu yana cike giɓi daga ma'anar jimla, kamar yadda yake cike giɓin tsawon wasali da karin sauti waɗanda rubutun boko bai nuna su. Amma a nan ne hujjar take juyawa. Tun da rubutun ya riga ya bar wa mai karatu aikin hasashen wasali da sauti, cire ƙugiya ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya ɗauka. Kuma wanda ke iya hasashen shi ne wanda ya riga ya iya karatu. Yaro ɗan shekara bakwai yana haɗa baƙi da wasali ne ɗaya bayan ɗaya. Idan ya haɗa ya samu kura a ƙarƙashin hoton iska mai ƙura, abin da zai koya shi ne cewa rubutu ba abin dogaro ba ne. Haka dattijon da ya yi yaƙi da jahilci yana karanta takardar magani. Ban da haka, saƙon waya na mutum biyu ne da suka san juna, shi kuwa abin da aka buga shi ne ma'aunin da jama'a ke koyi da shi. Idan allon ma'aikatar gwamnati ya zubar da ƙugiya, ya koya wa duk mai wucewa cewa ba ta da muhimmanci. Faransanci ba ya yarda a cire masa alamomin da ke kan wasulansa a littafin makaranta, ko da yake Faransawa ma suna zubar da su a waya. Hausa ba ta gaza wannan kulawa ba.

Akwai wata makarantar zayyana da ta riga kowace jami'a a ƙasar Hausa, kuma tana nan a kowace unguwa: makarantar allo. Gardin da ke feƙe alƙalami ya san cewa karkatar bakinsa ce ke haifar da kauri da sirantaka a jikin harafi, wanda shi ne darasin farko na duk mai zana haruffa a ko'ina a duniya. Mai rubuta Alƙur'ani da hannu bisa ruwayar Warshu yana aiki da tsarin launi mai ma'ana: baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya, kowane launi da aikinsa, babu wanda aka sa don ado kawai. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka darasi ne a kan raba fili da daidaita siffofi. A Kano, rubutun hannun Sharif Bala Gabari, wanda ya rasu a 2014, an ɗauke shi ta hanyar hoto an buga, ya bazu a kasuwanni har ya zama siffar da idon almajirai da yawa ya ɗauka a matsayin yadda rubutu yake. Daga irin wannan kakkauran rubutun Kano ne aka zana salon kwamfuta mai suna Alkalami domin ajami. Darasin a fili yake: waɗanda suka zana shi sun fara ne da duba abin da masu karatu suka saba da shi, domin siririn rubutun Larabci na ƙasashen Gabas, mai sa ɗigon fa a sama, yana yi wa wanda ya taso da Warshu baƙunta, shi da ya san ɗigon fa a ƙasa. Ɗalibin da ke tsara littafin boko domin Dumega zai amfana da wannan ko da ba zai rubuta ajami ko layi ɗaya ba. Zai fahimci cewa idon yaron ya saba da baƙin rubutu mai kauri da wadataccen fili, kuma ba a haifi kowa da sanin cewa shafi daga hagu yake farawa ba. Dole tsarin shafin ya nuna masa mafari.

Hoto ma karanta shi ake yi, kuma wannan ne ɗalibai suka fi mantawa. Wanda ya taso cikin littattafai yana zaton zane yana magana da kowa kai tsaye, alhali cike yake da yarjejeniyoyin da aka koya. Kibiya mai nuna gaba, layukan da ke nufin gudu, kumfar da ke fitowa daga baki ɗauke da magana, ƙaramin mutum da ake nufin yana nesa, hannu shi kaɗai ba gangar jiki, sauro da aka kumbura ya kai girman kaza domin a ga ƙafafunsa: duk waɗannan sai an saba. Andreas Fuglesang, wanda ya yi aikin wayar da kai a kan abinci mai gina jiki a Zambiya, ya gwada nau'o'in hoto ga mutanen da ba su yi karatu ba, ya ruwaito a farkon shekarun 1970 cewa hoton da aka bar abin da ake nufi da cikakkun siffofinsa, aka share tarkacen da ke bayansa, ya fi saurin ganuwa a kan zanen layi zalla. Ba ƙarancin basira ba ne. Mutumin da ke bambance sawun akuyarsa a cikin garke ya fi mai zanen kaifin ido. Yana neman dalla-dalla ne, kuma idan dallar ta saɓa, ba ya yarda da hoton. Rumbun da aka zana da siffar da ba ta garinsa ba, hauyar da aka riƙe ba yadda ake riƙe ta ba, goyon da aka ɗaure a inda ba a ɗaure shi, damin gero mai kama da na alkama, kowanne yana gaya masa cewa zancen na wasu mutane ne. Don haka kundin zanen ɗalibi ya kamata ya cika a kasuwa da bakin rijiya da filin kokowa kafin ya buɗe kwamfuta. Ya zana jaki da amalanke sau ashirin, ya lura da yadda mace ke tsayawa a kan turmi, ya nemi izini kafin ya zana fuskar kowa.

Nauyin ya fi girma idan hoton na tarihi ne. Kowane littafin yara a ƙasar Arewa zai so ya taɓo Sarauniyar Lugu, wadda ta yi tsayin daka a gaban rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Siffarta da mutane da yawa ke ɗauke da ita a ka ta fito ne daga ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, waɗanda ayyukan fasaha ne masu ƴancin ƙawatawa. Ɗalibin da aka ce ya zana ta yana da hanya mai sauƙi, ya kwaikwayi fim ɗin ko ya aro siffar wata jarumar mayaƙa daga intanet. Hanya mai wuya ita ce ya tambayi yadda mutanen yankin suke bayyana sarautar, wadda har yanzu ake gadonta a Lugu, ya koyi irin tufafi da zanen fuskar Arawa, ya kuma auna abin da ya dace a nuna da wanda ya fi kyau a bari. Yara ba sa manta hoton farko da suka gani na wani mutum. Mai zanen yana rubuta tarihi ne a zukatan da ba su da wani hoton da za su kwatanta da nasa.

Wani zai ce wannan duk kewar da ce, kuma ƙarshenta shi ne a manna dagin Arewa a kusurwar kowace takarda a ce an yi zayyanar gida. Wannan suka tana da hujja, domin ana yin hakan, kuma ba shi da bambanci da kwaikwayon baƙi: duka biyun ɗaukar siffa ne ba tare da fahimtar aikinta ba. Amma ba shi ake nema ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya bisa ra'ayin cewa a riƙe dabarun da aka koya daga Turai a haɗa su da sanin fasahar gida. Okeke ya koma ya nazarci zanen uli na matan Ibo har ya gane yadda layinsa ke tafiya, ya gina sabon salo a kai. Abin da ɗalibin Hausa zai koya daga aikin babbar riga ba siffar aska takwas ba ce kurum. Ya lura da yadda aka tara aikin a gefe ɗaya na ƙirji, aka bar faffadan fili ya huta, rigar kuma ba ta karkace a ido ba. Wannan darasin daidaito ne da zai yi masa amfani a bangon littafi ko da babu zare ko ɗaya a ciki. Daga zanen ƙwarya ya koyi yadda baƙi da fari kaɗai ke wadatarwa. Daga bangayen Birnin Damagaram da na Zariya ya koyi yadda ado ke taruwa a ƙofa, inda ido ke fara sauka. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya san cutar.

Suka ta uku ta fi duka nauyi, domin ta shafi abinci. Ɗalibi zai gama ya fita kasuwa, inda mai aiki ke son katin biki kafin la'asar a kan kuɗi kaɗan, ga manhajoji cike da shiryayyun samfura, ga injinan ƙirƙirar hoto masu fitar da zane cikin daƙiƙa. Wa zai biya shi kuɗin zaman bakin rijiya? Gaskiya ne ba kowane aiki ne ke ɗaukar bincike ba, kuma babu aibi ga amfani da kayan da ke rage wahala. Sai dai abin da kowa ke iya yi da waya a minti biyar, farashinsa kullum ƙasa yake yi. Samfurin da aka shirya a wata nahiya bai san ƙ ba, injin hoto kuma yana mayar da abin da ya fi gani ne, abin da ya fi gani kuwa ba rumbun Arewa ba ne. Hajar da za ta rage a hannun ɗalibi ita ce sanin da inji bai da shi. Kasuwar ma ta taɓa ba da shaida. Littattafan adabin kasuwar Kano da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, na marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, sun kai hannun masu karatu har cikin Nijar a kan takarda mai araha, da bangaye masu ɗauke da fuskoki da tufafin da mai saye ya gane nasa ne. Sanin mai karatu jari ne da ake tarawa sau ɗaya a ci moriyarsa shekaru, kuma lokacin ɗalibta ne kaɗai mutum ke da sararin tara shi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi wa mai fasaha ɗaci: ya kai aikin ga masu shi tun yana ɗanye. Ya buga shafi uku, ya miƙa wa yara biyar da malaminsu, ya tambaye su abin da suka gani, ya yi shiru, kada ya yi bayani. Inda yatsan yaro ya tsaya, nan gyara yake. Akwai masu ganin wannan yana kashe baiwa, yana mayar da mai zane ɗan amshin shata. Amma yaran ba za su zana masa komai ba. Za su nuna masa inda ya ɓace ne kawai, neman mafita kuwa nasa ne, kuma a nan baiwar take bayyana. Yadda za a nuna dare da baƙar tawada ɗaya, yadda za a raba ɓ da b ga idon da bai saba ba, yadda za a sa hoto ya taimaki kalma ba tare da ya hana yaro karanta ta ba, waɗannan matsaloli ne da ke neman ƙirƙira fiye da zaɓen launi daga jerin da aka shirya. Maƙeri ma ba ya sanin kaifin lauje sai an kai shi gona.

Abin da ya rage ya rataya a wuyan masu koyarwa, daga sashen zayyana na Zariya zuwa cibiyoyin Yamai da shagunan ɗab'i inda mafi yawan matasa ke koyon aikin. Ba sai an jira sababbin injina ba. Ya isa a ce kowane ɗalibi, kafin ya gama, ya tsara aiki ɗaya cikakke da harshen gida, ya zauna mako guda da mai feƙe alƙalami, ya cika kundi da zanen abin da idonsa ya gani, ya kuma kawo shaidar cewa ya gwada aikin ga waɗanda aka yi dominsu ya gyara. Hukuma na iya ɗaga darajar harshe da sa hannu a takarda, amma hukuncin yana tabbata ne a wani wuri daban: a aji ɗaya a Dumega, lokacin da yarinya ta ɗora yatsa a kan harafi mai ƙugiya, ta dubi hoton da ke gefensa ta gane ƙafar irin tata ce, ta haɗa baƙi da wasali, ta furta kalmar daidai tun karon farko, ta wuce zuwa ta gaba. Ba za ta san sunan wanda ya auna wannan ƙugiya ba, kuma ba ta bukatar sani. Wucewar da ta yi ba tare da tuntuɓe ba ita ce sakamakon jarrabawarsa.